Daga Gafaka Zuwa PDF: Yadda Takarda Ke Tsira a Ƙasar Kazaure

A watan Janairun 1824 ne Baturen nan matafiyi, Hugh Clapperton, ya iso Kano. Bai tarar da Sarki Ibrahim Dabo a fada ba. Ya same shi a sansani, bayan gari, yana shirin fita yaƙi da Ɗantunku, jagoran Fulanin arewacin Kano wanda ya ƙi yi masa mubaya'a tun hawansa gadon sarauta a 1819. Rigimar ta ci kusan shekara biyar kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani, ya tabbatar wa Ɗantunku ƙasarsa. Daga wannan hukunci Masarautar Kazaure ta sami gindin zama, ɗansa Dambo kuma ya gaje shi, ya kafa fada a garin Kazaure.

Clapperton ya rubuta abin da ya gani a littafin tafiyarsa, aka buga shi a Landan a 1826. Bayan kusan shekara ɗari biyu, ɗalibi a Kazaure ko a Roni zai iya sauko da littafin nan dukansa cikin wayarsa a matsayin fayil ɗin PDF, shafi bayan shafi, kamar yadda ya fito daga maɗaba'a. Shaidar baƙon da ya yi 'yan makonni a ƙasar Kano ta yi wannan tsawon rai ne saboda an yi ta kwafarta: daga rubutun hannu zuwa ɗab'i, daga ɗab'i zuwa ɗakunan karatu masu yawa, daga can kuma zuwa hoton da injin ɗaukar takarda ya mayar fayil.

Wannan ita ce dokar da ke bin kowace takarda. Wadda ta zauna ita kaɗai a wuri ɗaya tana jiran gara ne, ko gobara, ko ɗigon ruwan damina. Wadda aka kwafa da aminci aka rarraba takan riski jikoki. Tarihin adana takardu a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa tarihin masu kwafi ne, PDF kuwa shi ne na baya-bayan nan a cikinsu. Sanin inda ya fito, da abin da ya gada daga magabatansa, da abin da bai gada ba, shi zai nuna wa mai takardar gona ko ta fansho iya inda zai dogara da shi.

Zamanin gafaka

A ƙarni na goma sha tara takarda kayan fatauci ce mai tsada. Yawancin wadda malaman ƙasar Hausa suka yi rubutu a kanta an yi ta ne a arewacin Italiya, ana gane ta da tambarin jinjirin wata uku da ke bayyana idan an ɗaga ta a haske, ayarin raƙuma kuma ke kawo ta ta hanyar Turabulus da Masar zuwa kasuwannin Kano da Katsina. Tawadar a gida ake haɗa ta, da bagaruwa da ƙaro, alƙalamin kuma na kara ne. Ba a ɗinke littafi. Warƙoƙi ne a sake, a sa su tsakanin bango biyu na fata, a ɗaure, a zura cikin gafaka, a rataye a bango nesa da ƙasa.

Tunda warƙoƙin a sake suke, sai marubuta suka riƙe wata dabara: a ƙasan shafi sukan rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba, don in littafi ya zube a iya mayar da shi yadda yake. A ƙarshen littafi mai kwafi yakan ambaci sunansa, wani lokaci da sunan wanda ya yi wa aikin da ranar da ya gama, ya roƙi mai karatu addu'a. Mai tsantseni kuma ba ya sallamar kwafi sai ya zauna da wani, ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin sabon rubutu da ido, aikin da malaman Larabci ke kira muƙabala. Ta haka littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello suka bazu daga Sakkwato zuwa zaurukan malamai a garuruwa irin su Kazaure, ba tare da maɗaba'a ba.

Wasiƙun mulki suna da nasu tsarin. Magatakarda ya rubuta da Larabci, a buga hatimin sarki a sama, a ba manzon da fadar da za a kai wa ta san fuskarsa. Hatimin da manzon su ne shaidar cewa takardar ba ta jabu ba ce. Gidan Wazirin Sakkwato ya kasance matattarar irin waɗannan wasiƙu, kuma da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun sami tarinsu a gidan Waziri Buhari. Wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fassara wasu ya buga a 1927. Wasiƙun da masu tarihi suka fi ambata a yau su ne waɗanda aka kwafa aka buga ɗin nan.

Fayil da takardar kabon

Sarki Muhammadu Mayaƙi ne ke kan gadon Kazaure lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903. Masarautar ta shiga Lardin Kano, tare da wani sabon abu da mulkin ya zo da shi, wato fayil. Haraji da jangali suka sami rasit, baitulmali ya sami littafin shiga da fita, kotun alƙali ta sami rajista, Di'o kuma yana zagaya gundumomi yana rubuta rahoton ƙidayar mutane da gonaki da dabbobi. Makarantar da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 ta fara fitar da akawunan da ke rubutun boko. Tafireta da takardar kabon suka maye gurbin mai kwafi: bugu ɗaya, kwafi biyu ko uku, ɗaya na ofishin En'e, ɗaya na Razdan, ɗaya kuma ya wuce Kaduna.

Wannan ya sa mai neman tarihin gundumomin Kazaure na zamanin Turawa yakan ƙare a Kaduna. A 1954 aka kafa ofishin adana takardun gwamnati a Ibadan ƙarƙashin masanin tarihi Kenneth Dike, ya zama Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, mai rassa a Kaduna da Inugu, aka kwashe fayilolin larduna aka kai can. A 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa, masana suka riƙa bin gidajen malamai suna aron littattafai, su ɗauki hotonsu a kan siririn fim, su mayar wa masu su. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafa Gidan Arewa a tsohon gidan Sardauna a Kaduna. Duk waɗannan ayyuka manufarsu ɗaya ce da ta mai kwafin da, sai dai kayan aikin ne suka sauya.

Takardun talaka ba su sami wannan gata ba, kuma sauye-sauyen iyaka sun ƙara warwatsa su. Lardin Kano ya zama Jihar Kano a 1967. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiro Jigawa, hedikwata ta koma Dutse. Ƙasar masarautar Kazaure ta rabu zuwa ƙananan hukumomi huɗu, Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, Babura kuma, wadda a da take ƙarƙashin Sarkin Kano, ta koma Masarautar Ringim. Kowane rabo yana nufin ɗaukar kabad da fayiloli a bayan mota. Malamin firamaren da aka ɗauka aiki a zamanin En'e ya yi ritaya a Jigawa ya yi aiki ƙarƙashin hukumomi uku ko huɗu ba tare da ya bar garinsu ba, kuma ranar lissafin fansho za a tambaye shi takardar ɗauka aiki ta farko. Wanda ya yi fotokwafi ya ajiye a adaka ya tsira. Wanda ya dogara da fayil ɗin ofis ya sha zirga-zirga.

Matsalar da Warnock ya so warwarewa

A shekarun da ake wannan rabon kabad a Kano da Dutse, wani masanin lissafi a Kalifoniya ta Amurka yana fama da wata matsalar kwafi ta daban. John Warnock da abokinsa Charles Geschke sun kafa kamfanin Adobe a 1982, suka fito da PostScript, wani harshe da kwamfuta ke amfani da shi ta gaya wa firinta yadda shafi zai fito. Da shi aka fara shirya jaridu da littattafai a kan teburin ofis. Amma a tsakanin kwamfuta da kwamfuta babu irin wannan fahimtar juna. Takardar da aka rubuta da wata manhaja ba ta buɗuwa a wata, in ma ta buɗu sai layuka su goce, jadawali ya wargaje, shafi goma ya koma sha biyu.

A farkon shekarun 1990 Warnock ya rubuta wata gajeriyar takarda ga ma'aikatansa a kan shirin da ya sa wa suna Camelot. Burinsa shi ne a sami fayil guda da zai fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace firinta. Ranar 15 ga Yunin 1993 Adobe ya fitar da manhajar Acrobat tare da sabon tsarin, PDF. Haruffan uku gajarta ce ta kalmomin Ingilishi da ke nufin tsarin takarda mai ɗaukuwa daga wuri zuwa wuri.

Sirrin abin yana cikin yadda yake kallon shafi. Fayil ɗin Word yana ajiye kalmomi ne da umarni, ya bar wa kwamfutar da ta buɗe shi ta tsara su, shi ya sa yake sauya kama. PDF kuwa yana ajiye shafin da aka riga aka tsara. Yana auna takarda da ma'aunin ɗigo, 72 a kowane inci, ta yadda takardar A4 ke da faɗin 595 da tsawon 842, sannan ya faɗi daidai inda kowane rubutu da layi da hoto zai zauna. Yana iya ɗauke da zubin haruffan da aka yi rubutun da shi a cikin cikinsa, don kada ya nemi aro a inda ya sauka. A ƙarshen fayil kuma akwai jadawalin da ke nuna mazaunin kowane ɓangare, shi ya sa ake iya tsallakawa shafi na ɗari biyu ba tare da an bi ta na farko ba.

Da fari abin bai karɓu ba, domin hatta manhajar karantawa dala 50 ake sayar da ita. A 1994 Adobe ya mayar da ita kyauta, hukumar harajin Amurka kuma ta fara rarraba fom-fom ɗinta da wannan tsari, sai jama'a suka bi. A 2005 hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta amince da wani nau'i na musamman don ajiya mai tsawo, PDF/A, wanda ya wajabta sa zubin haruffa a cikin fayil, ya kuma hana kulle shi da kalmar sirri ko rataya shi ga wani abu na waje. A 2008 tsarin dukansa ya bar hannun Adobe ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO 32000. Ma'anar wannan ga mai ajiya babba ce: bayanin yadda ake karanta fayil ɗin a buɗe yake ga kowa, ko da kamfanin da ya ƙirƙiro shi ya rufe.

Haruffa masu ƙugiya

Marubutan Hausa suna da dalilinsu na musamman na rungumar wannan tsari. Tun shekarun 1930 rubutun boko ya tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ke raba ƙasa da kasa, ɓata da bata. Kwamfutocin da suka fara shigowa ofisoshi da jami'o'in Arewa ba su san da su ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffan Hausa na kwamfuta, wasu ma suka yi nasu. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari mazaunin wata alama da Hausa ba ta bukata a dasa harafi mai ƙugiya a wurin.

Muddin takarda tana kan kwamfutar da ke da zubin, komai lafiya. Da zarar an kai ta wadda ba ta da shi, sai kowace ƙ ta koma baƙuwar alama ko akwatin da babu komai a ciki. Ɗalibin sashen Hausa da ya kai kundinsa shagon bugawa ya san wannan baƙin ciki, haka ma marubucin da ya kai littafinsa maɗaba'a. PDF ya rufe wannan ɓaraka, tunda yana tafiya da haruffansa.

Sai dai maganin ya bar tabo. Tsofaffin fayilolin da aka yi da irin wancan zubi suna da kyau a ido, amma a ƙarƙashin hoton harafin alamar da aka ara ce ke zaune. In aka nemi kalma a ciki ba za a same ta ba, in aka kwafo sakin layi sai ya fito a gurɓace. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin, shi ya kawar da matsalar ga sababbin takardu. Waɗanda aka yi kafin ya zama ruwan dare suna nan da lalurarsu, kuma a cikinsu akwai kundayen digiri da mujallu masu daraja.

Daga shagon kwamfuta zuwa aljihu

Kazaure ta shiga zamanin kwamfuta da wuri in aka kwatanta da garuruwa masu girmanta. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a garin, wadda aka fi sani da Informatics, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha mai sunan Sarki Husaini Adamu, wadda gwamnatin tarayya ta karɓa daga baya. A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya. A 2021 aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Ɗaliban waɗannan makarantu, da shagunan bugawa da fotokwafi da ke kewaye da su, su ne suka saba wa jama'a da sabon mai kwafi.

Abin da ya tilasta wa kowa koyonsa kuwa hukumomi ne. JAMB ta fara jarrabawa a kan kwamfuta a 2013, ta mayar da ita gaba ɗaya haka a 2015. A shekarar 2015 ɗin aka tsananta tsarin asusun bai-ɗaya, biyan kuɗin hukumomin tarayya ya koma ta Remita. A Disambar 2020 aka wajabta haɗa lambar ɗan ƙasa da layin waya. Takardar shiga jarrabawa, da ta samun gurbin karatu, da ta kiran bautar ƙasa, da rasit ɗin kuɗin makaranta, duk sun daina fitowa daga hannun akawu. Suna bayyana ne a fuskar kwamfuta, ya rage wa mai su ya cafke su kafin a rufe shafin. Gwamnatocin jihohi ma, bayan shirin Bankin Duniya na 2018 da ya ɗaura tallafi a kan bayyana kasafin kuɗi, sun shiga wallafa kasafinsu da rahoton mai binciken kuɗi a intanet, mafi yawa a wannan tsari. Ɗan jarida a Gwiwa zai iya duba abin da aka ware wa hanyar garinsu ba tare da ya je Dutse ba.

Kayan aikin ma sun sauko daga shago zuwa aljihu. Tun 2001 kwamfutocin Apple ke iya mayar da duk abin da za a iya bugawa PDF. Android ta sami wannan a 2013, Windows 10 ta zo da shi a 2015. Hanyar ɗaya ce a ko'ina: a ba da umarnin bugawa, a wurin zaɓen firinta sai a zaɓi ajiyewa a matsayin PDF. Kwamfutar tana shirya shafin kamar za ta aika wa firinta, sai ta zuba shi cikin fayil. A 2016 WhatsApp ya fara karɓar takardu, PDF ne kuma nau'in farko da ya karɓa. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba yakan matse shi har ƙananan rubutu su dushe, amma abin da aka tura a matsayin takarda yana isa yadda yake. Daga nan littattafan addini da na hikaya, da takardun makaranta, da sanarwar ofis suka koma yawo a tsakanin wayoyi, da izinin masu su da kuma ba da izininsu ba, abin da marubuta da mawallafa ke kuka da shi har yau.

Abin da ya gada da abin da bai gada ba

Dalilin cafke abu tun yana nan ba ƙarami ba ne. A 2024 cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta gano cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan intanet da ke akwai a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma. Sanarwar ɗaukar aiki, ko jerin sunayen waɗanda aka ba kwangila, na iya ɓacewa ranar da aka sake fasalin shafin ma'aikata. Wanda ya ajiye kwafi a kwamfuta, ya kuma bar zaɓin da ke buga adireshin shafin da kwanan wata a gefen takarda, ya yi abin da mai kwafin da ke yi a ƙarshen littafi: ya faɗi inda ya ɗauko da ranar da ya ɗauko.

Abin da PDF bai gada ba shi ne hatimi da manzo. Ana ɗaukarsa kamar abin da ba ya taɓuwa, alhali da manhajar da ta dace ana iya sauya suna ko adadi a cikinsa ba tare da ido ya gane ba. Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe wa takardun kwamfuta ƙofar kotu a sashe na 84, amma da sharaɗi: sai an kawo bayanin na'urar da ta fitar da takardar, da yadda aka fitar da ita, da tabbacin cewa na'urar tana aiki daidai. A 2012, a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka bugo daga shafin wata jarida da na hukumar zaɓe, domin ba a cika wannan sharaɗi ba. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya ƙara fayyace matsayin bayanan lantarki da sa hannu na lantarki. Duk da haka, hoton takardar gona da ke cikin waya mataimaki ne ga ta asali. Yana tuna lamba da kwanan wata da sunayen shaidu, yana sauƙaƙa neman kwafin da hukuma ta tabbatar, amma a gaban alƙali ba ya tsayawa shi kaɗai.

Akwai kuma bambanci tsakanin PDF da aka haifa daga rubutun kwamfuta da wanda aka haɗa daga hotuna. Na farko yana ɗauke da haruffa, ana iya neman kalma a cikinsa. Na biyu hoto ne kawai, sai an bi shi da fasahar gane haruffa, wadda ta ƙware a Ingilishi, take tuntuɓe a kan ƙugiyoyin Hausa, ta kuma fi rauni a kan ajamin hannu. Don haka masu adana rubuce-rubucen hannu ba sa ɗaukar PDF a matsayin uwar kwafi. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya kuma ɗauki nauyin ayyuka a Arewacin Nijeriya, yana ajiye hotunan asali ne a nau'in TIFF mai cikakken inganci, ya bar littattafan a ƙasarsu, ya ba wata ma'adana ta gida kwafi. PDF na rabawa ne da karantawa.

Ajiya maganin wata rana

Hikimar raba kwafi ta bayyana a Oktoban 2023, lokacin da masu kutse suka afka wa Ɗakin Karatun Birtaniya suna neman kuɗin fansa. Kundin littattafansa da tarin hotunan rubuce-rubucen hannu suka ɓace daga intanet na tsawon watanni. In haka ta sami ɗaya daga cikin manyan ɗakunan karatu na duniya, wayar da ke aljihun malamin makaranta a Roni ba ta fi ƙarfin ƙaddara ba. Ana sace waya a kasuwa, tana faɗawa ruwa, memori yana lalacewa, mai gyara yana goge komai. Mutum yakan rasu da kalmar sirrinsa a ƙirji, magada su rasa hanyar shiga takardun da ya tara domin su. Fayil ɗaya a waya ɗaya bai fi warƙa ɗaya a gafaka ɗaya tsaro ba.

Damunar 2022 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a faɗin Jigawa, kuma ɗakin da ya faɗi yakan faɗi ne a kan adakar da ke ƙarƙashin gado. A cikin irin waɗannan adakoki akwai takardun cinikin gona masu sa hannun dagaci, da hukuncin rabon gado, da shaidar kammala firamare, da warƙoƙin ajami na kakanni waɗanda babu kwafinsu a Kaduna ko a Landan. Ɗaukar hotonsu ba ya bukatar fiye da wayar da ke hannu, da hasken rana, da haƙurin bin shafi ɗaya bayan ɗaya. Sauran aikin shi ne wanda malaman da suka sani: a duba kwafi da asali don kada shafi ya tsallake, a sa wa fayil sunan da wani zai gane, da shekara da sunan mai takardar, sannan a raba, ɗaya a waya, ɗaya a filash ko ma'ajiyar intanet, ɗaya a wurin ɗan'uwa a wani gari, a kuma sanar da wani amintacce yadda ake buɗewa.

Yankin yana da abin da ake bukata don aikin ya wuce na gida-gida. Akwai fadar da ta haura shekara ɗari biyu, akwai kotuna da ofisoshin hakimai masu tsofaffin rajistoci, akwai manyan makarantun fasaha a Kazaure da Babura cike da matasan da suka iya na'ura, waɗanda kowace shekara suke neman aikin kammala karatu. Abin da masana suka yi da siririn fim a shekarun 1960, suna bin gidaje suna aro suna mayarwa, yanzu ɗalibi biyu da waya ɗaya za su iya yin irinsa a Gwiwa cikin hutun zango guda, su bar littafin a gafakarsa, su bar wa mai shi kwafi, su kai wani ɗakin karatun makarantarsu.